Makullin da Na Yanka da Sunana

Kasablanka ta tarbe ni da yayyafi da ƙarnin kifi. Na sauka da akwati ɗaya, da takardar ɗaukar aiki a cikin leda, da ƙullin kilishi da Inna ta cusa mini tsakanin zannuwa. Sunana Rabi, ƴar unguwar Birni ce ni a Damagaram, ƴar baduku. Karatun kwamfuta na yi a Yamai, na gama na yi ta yawon sitaj, wato koyon aiki a ofisoshi, daga wannan biro zuwa wancan, har Allah ya sa wani kamfani a Maroko da ke yi wa kantunan magani manhaja ya kira ni. Ban taɓa ganin teku ba sai ranar. Ina leƙenta ta tagar tasi, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne, ga ruwa jibge ba mai ɗiba, mu kuwa a gida sai famfo ya kwana uku bai ko yi tari ba.

Wanda ya tarbe ni a filin jirgi wani ɗan ƙasarmu ne, Mamman, abokin wani ɗan uwanmu. Yana hango ni ya ce, "Ƴar Damagaram, sannu da hanya! Ina mutan Birni?" Wallahi jin Hausa a wannan wuri sai da ya sa idona ya kawo ruwa. Shi ya samo mini ɗaki a gidan wata tsohuwa, Lalla Zahra, shi ya nuna mini inda ake shiga mota da inda ake sayar da kuɓewa. A mako na biyu ya ce takardunsa sun ƙare, ga shi yana son sabon layin waya, ko zan ara masa fasfona ya yanka da sunana. Ko dalili ban tambaye shi ba, na buɗe jaka na miƙa masa.

Kada a yi saurin ce mini sakarya, a bari in faɗi gidan da na fito. Babanmu jakunkuna yake ɗinkawa da takalma da matasai na fata, kuma tun ina shekara tara yake aikena majema. Ba takarda, ba komai. Sai ya ce, "Je ki wurin Lawali, ki ce Idi baduku ne ya aiko ki, fatar akuya biyu." Ni kuwa ina zan iya kama sunan ubana da bakina? In na isa, na toshe hanci saboda wari, sai in ce, "Baba ne ya aiko ni." Baba Lawali majemi, hannuwansa baƙi ƙirin da ruwan bagaruwa, sai ya ce, "Wane Baba? Garin nan cike yake da Baba." In sunkuyar da kai, ya yi dariyarsa ya ƙoshi, sannan ya naɗe fatun ya ɗora mini a ka. Haka na tashi ina ganin suna abu ne da ake miƙa wa mutum ya je ya karɓo saƙo.

Bayan wata biyu aka kawo mini takardar kira daga komisariya, wato ofishin ƴan sanda. Ashe da layin nan Mamman yake yaudarar sababbin ɗalibai, yana nuna musu ɗakunan haya da ba nasa ba. Shi ya ɓace, sunan da ke kan layin kuwa nawa ne. Na wuni a kan benci ba ci ba sha, ina maimaita magana ɗaya ga mutum huɗu. Da la'asar sai ga Lalla Zahra ta faɗo da jallabiyarta da silifa, tana haki. Larabcinsu ba irin wanda na koya a makarantar allo ba ne, ban tsinci komai ba sai "binti, binti," wato ƴata. Ta yi ta faɗa tana dukan tebur har aka sallame ni. A hanya ta saya mini gasasshiyar masara, ta kuma dungure mini kai. Har yau na fi jin daɗin dungurin nan a kan masarar.

Za a ce wannan ya isa ya sa ni hankali. Ina!

Bari in faɗi aikin da ya kai ni can, yadda na faɗa wa Inna a waya. Kantunan maganin da muke yi wa aiki suna garuruwa da yawa, har da wasu ƙasashe. Kowane yanki yana da nasa garken kwamfutoci da ke riƙe da manhajar, ita ke nuna wa mai kanti wane magani ya rage, wane ya kusa lalacewa, wane ba a haɗa wa mutum da wane. In masu rubuta manhajar sun gyara wani abu, sai a ɗaure gyaran a ƙunshi guda, a buga masa lamba, a ajiye a wani ma'aji na intanet. A biro rajistir suke ce masa, ni rumbu nake kiransa. A cikin kowane garke kuma akwai wata ƴar manhaja da ba ta da aiki sai aike. Kowane minti biyar sai ta duba littafin umarni ta ga lambar da ake so, ta tafi rumbu, ta nuna makulli, ta ɗauko ƙunshin, ta dawo ta kwance shi inda ya dace. Ba hannun mutum a ciki. An ɗauke ni ne in kafa waɗannan ƴan aike, su goma sha huɗu, in tabbatar ba a koro ko ɗaya daga ƙofar rumbu ba.

Inna ta ce, "To ke mene ne naki, in su ke yin komi?" Na ce nawa shi ne in yi aikin da kyau har a manta da ni. Ta ce ita ma ai shi take yi shekara arba'in.

Makullin nan shi ya zame mini ƙaya. Ba ƙarfe ba ne, wani dogon rubutu ne na sirri, kuma a ƙa'ida kowane ɗan aike sai an yanka masa nasa na kansa, ba da sunan wani ma'aikaci ba. Mutum ɗaya ne a kamfanin yake da ikon yanka irinsa: Si Abdulƙadir, wani dattijo mai furfura da ƙaramin tabarau, da ke zama a kusurwa kusa da taga. Sai ka cike takarda, ka zauna da shi rabin wuni, ku bi garkunan ɗaya bayan ɗaya. Daidai lokacin da na iso wannan gaɓar, matarsa tana kwance a asibiti, irin ciwon da ba a cika tashi ba. Yakan zo da safe idanu jawur, ya zauna ya zuba wa allo ido, shayinsa ya huce bai taɓa ba. Sau uku ina ɗaukar takardar in nufi kusurwar nan, sau uku ina wuce shi in shige banɗaki. A garinmu ba a tsayawa a kan mutumin da ke jinyar iyalinsa a ce masa sa mini hannu a nan. Kunya ta hana ni.

Sai na yi abin da na iya. Na yanki makulli da sunana, na raba wa ƴan aiken duka. Wato kowannensu in ya isa rumbu, cewa yake Rabi ce ta aiko shi. Na ce wa raina na mako biyu ne, kafin matar ta ji sauƙi. Makullin ma'aikaci kwana bakwai yake yi ya mutu, don haka kowace Litinin nakan riga kowa zuwa biro, in yanki sabo, in bi garke goma sha huɗu in sauya. Matar ta rasu. Muka je muka yi ta'aziyya, ya dawo aiki shirunsa ya ƙaru, ni kuwa kunyar ta zama biyu, ga ta tayar masa da hankali, ga ta tona abin da na aikata. Mako biyu ya zama wata bakwai.

Abin haushi, yabo nake sha. Shef ɗinmu, wato shugabarmu, wata mata mai saurin magana, takan kawo baƙi ta nuna musu allona, layi goma sha huɗu duk kore shar, ta ce, "Kun gani? Komai da kansa yake tafiya." Ni kuwa in yi murmushi, kamar ba ni ce jakar da ke jan amalanken ba.

A watannin nan kewar gida ta ci ni sosai. Ranar Juma'a Lalla Zahra takan kira ni cin kuskus, in ci in gode, amma raina yana kan fura mai sanyi a ƙwarya. Nakan yi kewar duwatsun Birni, da ƙarar gudumar Baba a zaure da ke tashe mu kafin rana ta yi zafi. Duk Lahadi nakan kira gida. Baba ba ya wuce minti biyu a waya: "Rabi, lahiya lau? Kina cin abinci? To ga innarki." Sau ɗaya na aika masa hoton wata jakar fata da na gani a kasuwarsu. Yayana Sani ya ce Baba ya daɗe yana kallonta, sannan ya miƙo wayar ya ce fatar ba laifi, amma ɗinkin inji ne.

Wata Laraba da hantsi Yaya Sani ya kira ni, ba ranar kira ba.

"Rabi, jikin Baba fa. An kai shi likita, sun ce a maido shi gida."

"Yaya, gaya mini gaskiya."

"Gaskiyar ke nan. In da hali ki taho. Jiya sau biyu yana tambaya ko ana ba ku konje a can."

Ana bayarwa. Amma kamfanin yana da doka: duk wanda ya ɗauki hutu ya bar ƙasar, ana rufe sunansa a na'ura ranar tafiyarsa, sai ya dawo a buɗe. Ana rufe nawa, makullan nan za su mutu nan take. Ƴan aikena goma sha huɗu za su je rumbu a koro su. Duk kwamfutar da ta ɗauke ta tashi tana neman ƙunshinta ba za ta samu ba, mai kanti ya tsaya da allo wayam ga marasa lafiya a layi. In kuma na faɗi gaskiya, na karya babbar ƙa'ida wata bakwai ina ɓoyewa, kora ba ta yi nisa ba, takardar zamana a ƙasar kuwa da aikin take rataye. Ubana yana kwance yana tambayata, ni kuma na ɗaure kaina da igiyar da na tufka da hannuna.

Kwana takwas na yi ina neman dabara. Na gwada wannan, na gwada wancan, duk hanyar da na bi sai ta ɓulle a kusurwar Si Abdulƙadir. Har na fara tunanin in roƙi wani abokin aikina ya ara mini sunansa na mako biyu, na ma shirya yadda zan lallaɓa shi, sai na ga fuskar Mamman a gabana, na fasa. Yaya Sani kuma kullum ƙarya nake masa, in ce ana duba takardu. A kwana na bakwai ya ce Baba zai yi magana. Muryar ta sirance har da ƙyar na gane ta.

"Rabi, kar ki tada hankalinki. In aikin mutane ne a hannunki, ki gama shi tukuna."

Da faɗa ya yi mini da na iya jurewa. Washegari, Alhamis, na ɗauki takardar nan da ta yi wata bakwai a aljihun tebur, na nufi kusurwa, wannan karon na tsaya.

Na faɗa wa Si Abdulƙadir komai, idona a ƙasa. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Wata bakwai?"

"Bakwai."

"Kowace Litinin, da hannu, garke goma sha huɗu?" Na gyaɗa kai. Ya ce, "Me ya hana ki zuwa wurina?"

Na ce lokacin matarsa tana asibiti, a garinmu kuma ba a damun mai jinya.

"Binti, kin san abin da ke kawo ni biro a kwanakin nan? A asibiti ba abin da zan iya yi mata sai kallo. Nakan zo nan ne ko wani zai kawo mini abin da hannuna zai iya gyarawa. Kowa ya yi ta kewaye ni kamar rami. Sau uku ina ganinki da takarda, ina cewa a raina yau dai za ta tsaya."

Nan kukan da nake riƙewa ya ƙwace. Ashe abin da na ɗauka ladabi ne, barin dattijon nan na yi shi kaɗai da baƙin cikinsa. Ya tambaye ni me ya sa sai yau, na gaya masa zancen Baba. Ya ce yaushe aka kira ni, na ce kwana takwas ke nan. Ban taɓa ganin fushinsa ba sai ranar. Ya daki tebur har kofin shayi ya yi tsalle.

"Kwana takwas! Jawo kujera."

Ko abincin rana ba mu ci ba. Ya yanka makulli goma sha huɗu, kowane ɗan aike da nasa, makullin ɗauko ƙunshi kawai ba na ajiyewa ba, kuma irin wanda ke sabunta kansa ba sai wani ya yi sammakon Litinin ba. Ina sakawa yana dubawa. Da muka gama ya tasa ni gaba har wurin shef, ya tsaya a gefena na maimaita laifina. Ta wanke ni tas da faɗa, kuma na cancanta, ta ce za a rubuta mini gargaɗi a takarda. Si Abdulƙadir ya ce, "A rubuta. Amma gobe tana da jirgi."

Muka dawo kusurwa ya ce saura gwaji. A gabana ya rufe sunana. Muka zuba wa allo ido, minti biyar ɗin nan sun fi mini wunin komisariya tsawo. Ɗan aike na farko ya tafi rumbu ya dawo da ƙunshinsa, layinsa kore. Na biyu, na uku, haka har sha uku. Na ƙarshe, wani garke mai nisa da rezonsa na intanet ba shi da ƙarfi, ya tsaya rawaya yana ta juyi. Na kama bakin tebur ina salati. Can sai ya koma kore. Dattijon ya mayar da tabarau ya ce, "Ba mai neman ki a nan. Je ki gida."

Juma'a na sauka Yamai, Asabar da asuba na shiga kar, babbar motar fasinja. Doso, Ƙwanni, Maraɗi, Tasawa, ban sayi ko ruwa ba, duk wayar da ta yi ƙara a motar sai gabana ya faɗi. Da muka wuce Takeita na fara roƙon Allah a fili, matar da ke kusa da ni ta riƙe mini hannu ba ta tambaye ni komai ba. Ana kiran magariba muka shiga Damagaram.

Na sami Baba a zaure, don ya ƙi a kwantar da shi ko'ina sai kusa da kayan aikinsa. Ya rame har na ga ƙasusuwan hannun da na sani da ƙarfi. Na durƙusa na gaishe shi.

"Wa kika bar wa aikin mutane?"

"Yana yin kansa, Baba. Yanzu kam da gaske."

Da safe na ba shi labarin duka, tun daga Mamman har makulli. Na zaci zai ɓata rai. Dariya ya yi har tari ya sarƙe shi, sai da Inna ta leƙo tana harara ta.

"Ke kin zaci haka kawai nake tura ki majema da sunana? Kahin in soma aikenki, da ƙahwata na taka na zauna da Lawali, na ce ga ɗiyata za ta riƙa zuwa, ga kamanninta, in ta zo a ba ta. Ke ya sani, ba sunan ba. Ban taɓa aiken mutum inda ban riga shi zuwa ba."

Ashe rabin abin na ɗauka na tafi da shi Maroko.

Ya ce akwai wata jar fata da ya bari a wurin Lawali tun kafin ya kwanta, in je in karɓo. Na miƙe na tsaya a bakin ƙofa. Ya ce me nake jira, na ce in ce wa ya aiko ni? Ya ce, "Kar ki ce kowa. Je ki kawai."

Majema tana nan da warinta. Baba Lawali ya tsufa, ya ranƙwafa, amma tun daga nesa ya ce, "Rabi! Yau ba a toshe hanci?" Ya shiga ya fito da fatar a naɗe, ya tambayi mai jiki, na ce da sauƙi, ya kau da kai yana goge ido da gefen hannu. Na so ƙwarai ya ce mini wane Baba, ko sau ɗaya. Bai ce ba.

Baba ya shimfiɗa fatar a cinyarsa, ya shafa ta, ya sunsuna. Ya ce da jaka ya so ya ɗinka mini da ita, amma hannu ya ƙi. "Ki kai wa dattijon nan da ya sako mini ke. Ki ce masa Idi baduku ya gode."

Ranar Litinin na farka a firgice ina laluben kwamfuta, sai na tuna ba abin da zan sauya. Na je na dama kunu na zauna ina ba shi da cokali. Wayata tana gefe, ba wanda ya kira daga biro, ranar ko washegari. Ranar Alhamis bayan azahar Allah ya karɓi abinsa, kansa a kan cinyar Yaya Sani, hannunsa a cikin nawa. Kwana biyar na samu da shi. Da goma sha uku zan samu, kuma ba wanda ya cinye mini takwas ɗin nan sai ni. Wannan ba ya barina, ban kuma ce ya bar ni ba.

Bayan sadakar bakwai na koma Kasablanka. Na tarar da layukan nan goma sha huɗu kore shar, kamar ban taɓa tafiya ba. Na nufi kusurwa da fatar a hannu. Si Abdulƙadir ya tashi tsaye ya yi mini ta'aziyya, ya warware ta a kan tebur, ya shafa kamar yadda Baba ya shafa, sannan ya ɗago ya ce, "Daga wa?"

Shekarata ashirin da tara ban taɓa kama sunan nan da bakina ba. Na isar da saƙo yadda aka ba ni.

"Idi baduku ne ya aiko ni. Ya ce ya gode."